Guntun Ƙarfen da Aka Tsinta a Tandabawi

Ranar Laraba da hantsi, mai kwasar tsofaffin ƙarafa ya juye duron da ke bayan shagon waldar Tijjani a unguwar Tandabawi ta Makka, sai wani guntun ƙarfe ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarsa. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Baƙi ne mai sheƙi, da rami a tsakiya, da ɗan tudu mai jan ɗigo a kan bakinsa. Mutumin ya ɗaga shi sama yana tambayar ko na wane ne, kafin azahar kuwa duk unguwar ta san amsa: bakin bindigar Nawaf ne, wadda ta ɓata tun ranar Juma'a.

Nawaf ɗan ƙasa ne, haifaffen Makka, yana da shagunan kaya biyu da garken tumaki a kan hanyar Arfa. Bindigar hannu ce babba, irin mai juyi shida da suke kira musaddas, yana da takardarta, kuma a akwatin ƙarfe take zama a ɗakin garken. Wanda ya haɗa wa akwatin marufi da mariƙin kwaɗo, makonni uku da suka wuce, shi ne Tijjani.

Tijjani kuwa ta Cadi iyayensa suka biyo da shi yana goye. Shekararsa arba'in da bakwai a Makka, har yanzu da iƙama yake zaune, takardar da ake sabuntawa duk shekara. Kowa a wurin ya san abin da zai faru idan sunansa ya shiga takardar ƙara tare da kalmar bindiga: kurkuku, daga nan jirgi zuwa ƙasar da bai san kowa a cikinta ba, matarsa da 'ya'yansa mata uku kuma su zauna a nan.

"Yanzu zan tafi shurɗa," in ji Nawaf a ƙofar shagon, yana nufin 'yan sanda. Hausarsa a takure take fita, kamar rigar da ta yi wa mai ita kaɗan. "Halas, shi ke nan. Wanda ya yanke bakin bindiga, ɓoye ta yake so ya yi a jikinsa. Idan aka kashe mutum da ita, sunana ne a kai."

Mahaifinsa, Alhaji Tsoho, yana zaune a kan wani bulo da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Shekara arba'in ya yi yana gasa tsire a bakin wannan lungu kafin ƙafa ta zaunar da shi.

"Ka ba shi kwana ɗaya," in ji tsohon, bai ɗaga kai ba. "A kira ɗan Barka ya duba. Zuwa la'asar ɗin gobe."

Nawaf ya dubi mahaifinsa. A gaban jama'a ba ya iya ƙetare maganar uba.

"Zuwa la'asar," ya ce.

* * *

Malam Barka mai bin sawu ne tun a dajin Cadi, ya kuma ci gaba da nemo wa mutane ɓatattun raƙuma da tumaki a bayan Makka har ya rasu. Ɗansa Usama ne kaɗai ya koyi aikin. Yana da diflomar sarrafa ƙarfe, yana aiki a wata masana'anta a unguwar Kudai, a can kuma yake haya a ɗaki ɗaya shi kaɗai. Mutanen Tandabawi ba sa tunawa da shi sai abu ya ɓata. Shi ma bai saba zuwa ba sai an kira shi.

Ya iso bayan azahar, ya tsaya a bayan shagon ya dubi ƙasa, ransa ya ɓaci. Mutum ya fi hamsin da suka tattake wurin. Babu sawun da ya rage wanda za a iya rantsuwa a kansa.

Ya karɓi guntun ƙarfen da hankici, ya juya shi a rana, ya ciro ɗan madubin ƙara girma ya duba wurin yankan. Ya sake dubawa. Ya saka shi a aljihu, ya fito da shi ya duba a karo na uku, domin bai taɓa yarda da ganin farko ba.

Shagon a rufe yake. Tijjani yana zaune a ciki a kan tukunyar gas, gefen fuskarsa a kumbure.

"Usta Tijjani, sannu da wannan abu." Usta suke kiran gwanin sana'a a can.

"Yauwa, Usama. Kai ma ka zo ka ga ɓarawo?"

"Na zo in yi tambaya ne. Ina kake ranar Juma'a, daga hantsi zuwa la'asar?"

"A gida."

"Matarka ta ce ka fita tun da safe."

Tijjani ya kau da kai. Usama ya jira. Jira shi ne abin da ya fi iyawa.

"Aikin ƙofa na je yi wa wani a Kudai," Tijjani ya ce a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Ba da sanin kafilina ba, ubangidan da ya tsaya wa iƙamata. Idan na faɗa don in wanke kaina daga sata, na shiga wani laifin. Ka ga ko ta ina aka biyo, jirgi ne."

"Kana da makullin akwatin?"

"Biyu ne, duka na ba Nawaf. Amma wa zai yarda? Hannun da ya haɗa kwaɗo, in ji su, ya san yadda zai buɗe." Ya miƙa hannu. "Ba ni in gani."

Usama ya ba shi guntun. Tijjani ya shafa yankan da babban yatsa, sai ya yi wata gajeriyar dariya wadda ta sa kumburin fuskarsa ya motsa.

"Wannan ne suke cewa aikina? Gara su ce na yi sata da su ce ni na yi wannan yanka. Dubi yadda ya karkace, kamar akuya ta ci."

Abin da Usama ya gani ke nan tun farko. Injin yanka yana jingine a bango, da shi mai walda zai raba wannan ƙarfe kafin a gama gaisuwa, kuma zafi zai bar shuɗi a gefen. Nan babu shuɗi. Da zarton hannu aka yi, an tsaya an sake farawa sau da yawa, kuma babu tabon haƙoran mamatsi, abin da maƙera ke damƙe ƙarfe da shi, a jikin guntun. Amma ya san abin da Nawaf zai ce: ɓarawo mai wayo yana iya ɓata hannunsa da gangan.

* * *

Washegari da sassafe ya ɗauki motar haya zuwa garken. Hanyar ta bi ta gefen Arfa. Filin da ke cika da mutane rana ɗaya a shekara yana shimfiɗe babu kowa, sai itatuwan darbejiya a jere da famfunan da ba a buɗe ba.

Mai gadin garken, Hisham, dogo ne busasshe, daga Hausawan da suka biyo ta Sudan. Da ya ga baƙo sai ya yi ta murna kamar an kawo masa albishir, ya dafa shayi, ya hana a fara tambaya sai an sha.

"Daga Juma'a zuwa Juma'a ba na jin muryar ɗan Adam," ya ce. "Tumakin nan na fara gane abin da suke cewa. Yawanci gulmar Nawaf suke yi."

Usama ya zagaya ɗakin sau biyu. Ƙofa ba a ɓalle take ba, kwaɗon akwati ba a taɓa shi da wani ƙarfe ba. A bayan ɗakin, inda iska ba ta kai ba, ya sami abin da ya tsayar da shi: zarton ƙarfe a rataye, garin ƙarfe a ƙasa, sawun silifas ɗin Hisham a kewaye. A yatsan Hisham kuma akwai sabon yanka ɗaure da tsumma.

"Me ka yanka a nan, Malam Hisham?"

"Bututun ruwa, na kwamin tumaki. Da yatsana."

Usama ya tsuguna ya ɗebi garin a tafin hannu. Fari ne mai haske, irin na bututun famfo. Ya je kwamin ya ga sabon haɗi, ya gwada guntun da ya rage a kai, ya zauna daidai. Ya ji sauƙi, ya kuma ji tsoro, domin rana tana tafiya kuma hannunsa babu komai.

"Wa da wa suka zo ranar Juma'a?"

"Nawaf da iyalinsa, da Baba Alhaji. An yanka rago. Baba ya ce babu wanda zai taɓa naman, shi zai yi mana sire da hannunsa." Haka mutanen Makka suke kiran tsire. "Ya zo da ƙullinsa da gwangwanin mansa. Wallahi, ya Usama, har yau idan na tuna sai yawu ya taru."

"Ina Nawaf yake ajiye makullai?"

"A kan tabarma, tare da waya. Ya je ya kama ragon, ya je ya yi salla. Amma ai duk 'yan gida ne."

"Tijjani bai zo ba?"

"Ko inuwarsa. Da ya zo da na riƙe shi ya sha shayi."

A hanyar dawowa Usama ya sake ciro guntun. Motar ta yi zafi, ƙarfen ma ya ɗumama a aljihunsa, sai ya lura hankicin ya yi tabon mai, tabon kuma yana da ɗan ja. Wanda yake yanka ƙarfe da zarto yakan ɗiga mai don haƙora su shiga. Usama ya san warin man inji, ya san na man bindiga. Ya kai hankicin hancinsa. Man gyaɗa ne, da ƙulli, da citta da barkono.

Ya riƙe hankicin a hannu har suka shiga gari. Masu tsire a Tandabawi sun fi goma, ya gaya wa kansa. Ya sake gaya wa kansa. Amma ɗaya ne kawai daga cikinsu ya zauna kusa da makullan.

* * *

Lungun Alhaji Tsoho yana can ƙarshen unguwa. A da, gida goma sha ɗaya ne a cikinsa. Yanzu an shafa wa bangayen jan fenti, alamar za a rushe, mutane sun kwashe, tagogi sun zama ramuka. An ciccire ƙofofi da wayoyin lantarki daga gidajen da aka bari. Gida ɗaya ne ya rage da labule.

Usama ya yi sallama. Tsohon yana zaune a zaure, cikin farar jallabiya mai faɗi, hannunsa na dama a kan cinya.

"Shigo, ɗan Barka. Ka samu wani abu?"

"Ina dai dubawa, Baba."

Ya zauna a bakin tabarma. Idonsa, wanda ba ya neman izininsa, ya sauka ƙasa. Jerin kiyashi ne ya fito daga tsagar bango, ya ratsa siminti, ya shige ƙarƙashin tabarmar da tsohon yake kai. Waɗanda suke komawa suna bin hanya ɗaya. A gefen tabarmar, cikin ƙura, akwai baƙin gari mai ƙyalli wanda tsintsiya ba ta kwashe ba. A kan taga gwangwanin mai ne, da ɗan burushinsa a tsaye.

"Kai kaɗai kake kwana a nan, Baba?"

"Ni da Allah."

"Nawaf bai ce ka koma wurinsa ba?"

"Kullum yana cewa. Hawa na shida, a cikin akwatin da ke tashi da mutum sama. Jikokina idan na yi musu Hausa sai su dubi uwarsu." Ya gyara zama, aljihun jallabiyar na dama ya ja ƙasa da nauyi. "A nan na binne shekaruna. A wannan ƙofa aka fitar da gawar matata Fatsuma."

Usama ya so ya yi tambayar a lokacin, su biyu kawai. Amma ya fasa. Tsohon nan ya ɗauki makarar mahaifinsa. Idan kuma ya yi kuskure fa? Idan wani ne ya shigo ya yi aikin a zauren?

"Ka ce musu su zo nan bayan la'asar," in ji Alhaji Tsoho, kamar ya ji abin da bai faɗa ba. "Ƙafata ba za ta kai ni shagon ba yau."

* * *

Mutum biyar ne a zauren. Nawaf yana tsaye da makullin mota a hannu. Tijjani ya zauna kusa da ƙofa. Hisham, wanda Nawaf ya aika aka ɗauko, yana ta kallon fuskoki. Usama ya shimfiɗa hankicin a tsakiya ya ɗora guntun a kai.

"Zan faɗi abin da na gani kawai," ya ce. "Ba a fasa akwati ba, da makulli aka buɗe, makullin kuwa yana kan tabarma ranar Juma'a. Malam Hisham yana da zarto, amma bututun ruwa ya yanka, na gwada na tabbatar."

"Alhamdu lillahi," in ji Hisham. "Ashe har da ni a lissafi. Ba wanda ya gaya mini."

"Usta Tijjani bai je garke ba ranar. Kuma wanda ya yi wannan yanka ba shi da mamatsi, a zaune ya yi, ya danne ƙarfen da ƙafa. Hannunsa ba shi da ƙarfi, ya huta ya fi sau ashirin. Ina jin ya ɗauki kwana uku."

"Kalam," in ji Nawaf. "Magana ce kawai. A duron wa aka samu? Mutum yana iya yin aiki mummuna don a ce ba shi ba ne."

"Yana iya yi. Ka sunsuna shi, ya Nawaf."

"Eh?"

"Don Allah ka sunsuna."

Nawaf ya ɗauki guntun da yatsu biyu, cikin ƙosawa, ya kai hanci. Usama yana kallonsa. Ya ga ƙosawar ta fita daga fuskar, wani abu dabam ya shigo. Mutumin da ya tashi a bayan tukubar tsire ba ya buƙatar a gaya masa haɗin ƙullin gidansu. Nawaf bai dubi mahaifinsa ba. Ya dubi gwangwanin da ke kan taga, ya daɗe yana dubansa.

"Ya isa, ɗan Barka," in ji Alhaji Tsoho.

Ya sa hannu a aljihu, ya jawo abin da ƙyar, ya ajiye a kan tabarma. Bindigar ta zama guntuwa, mummuna, bakinta a karkace. Usama ya ja jiki baya ba tare da ya sani ba.

"Babu komai a ciki. Harsasan suna cikin tulun shayi. Na kasa gane yadda ake buɗe ta a saka su."

"Abuya," in ji Nawaf, ya juyo ga mahaifinsa. "Lesh? Don me?"

"Sau biyu ɓarayi suna shigowa gidan Shatu, nan jikin bangona, suna cire wayoyi. Na ji suna taɓa ƙofata. Na ce idan suka ga abu a hannuna za su tafi. Amma ta yi tsawo, ba ta shiga aljihu, idan na je masallaci sai in bar ta, idan na dawo ina tsoron buɗe ƙofa. Sai na ce bari in rage ta, kamar yadda ake rage tsinke."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka ina jin tsoro, da a ranar ka ɗauke ni daga gidan nan."

Tijjani ne ya fara magana, a hankali.

"Baba, me ya kai shi durona?"

Tsohon ya juyo gare shi, a karo na farko tun da aka zauna.

"Shekara nawa ina kawo maka ƙarfe, Tijjani? Karyayyen tsinke, tsohuwar waya ta tukuba, ko ƙusa na tsinta a hanya. Ba a zubar da ƙarfe a shara alhali akwai maƙeri a unguwa, haka aka koya mana. Na fito sallar asuba da shi a hannu, ƙafata ta bi inda ta saba. Wallahi ban yi tunani ba sai da na ji hayaniya."

"Ka ji hayaniya," in ji Tijjani. "Kana zaune a kan bulo aka mare ni. 'Ya'yana kwana biyu ba su leƙa waje ba."

"Ina zaune. Na buɗe baki ya fi sau goma." Idanun tsohon sun cika, amma muryarsa ba ta karye ba. "Na kasa cewa a gaban unguwa na saci kayan ɗana. Shi ya sa na ce a kira wannan yaro. Na san ubansa, na san ba zai kasa ba. Ka yafe mini."

Tijjani ya miƙe. Ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa ga mutane, har Usama ya ɗauka zai fita bai amsa ba.

"Da ka ce mini kana tsoro, Baba, da na yi maka ƙofar da ko mota ba za ta ɓalle ba. Kwana ɗaya zai ɗauke ni." Ya saka takalmansa. "Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Nawaf, kai ne ka kira ni ɓarawo a gaban mutane. A gabansu za ka janye."

"A masallaci, bayan magariba," in ji Nawaf. "Da bakina."

* * *

Nawaf ya naɗe bindigar da guntunta a cikin tawul. Ya ce da kansa zai kai su ga hukuma ya faɗi yadda aka yi, babu sata, babu sunan kowa sai nasa da sakacinsa da makulli, duk abin da za su yi masa kuma su yi. Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da jakar mahaifinsa, da magungunansa, da bargo. Bai tambaya ba, tsohon ma bai yi gardama ba.

A ƙofar gida hannun Alhaji Tsoho ya kasa saka makulli a kwaɗo. Ya miƙa wa Usama.

"Rufe mini, ɗan Barka."

Usama ya rufe, ya ja kwaɗon ya tabbatar, ya mayar masa da makullin.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Da me? Aikin da na kira ka ka yi, shi ka yi." Ya dubi lungun daga wannan ƙarshe zuwa wancan. "Yanzu kam sai su zo su cire wayoyin."

Hisham ya tallafe shi ya shiga mota. Suka tafi a hankali saboda ramukan hanya, suka karya kwana.

Usama ya tsaya shi kaɗai a tsakanin gidajen da babu kowa. Babu wanda ya ce masa ya tsaya ya ci abinci, babu kuma wanda zai yi wa sallama. Can daga bakin unguwa ya ji ƙarar ƙofar ƙarfe ana tura ta sama, daga baya injin yanka ya tashi. Tijjani ya buɗe shago. Usama ya saurara na ɗan lokaci, ya ninke hankicinsa, ya kama hanyar tashar motar Kudai.